Katikizim

Katikizim (wasu na rubuta shi katekizim) taƙaitaccen littafi ne da ke tattara ginshiƙan addinin Kirista domin koyar da yara da sababbin masu bi. Galibi ana tsara shi ne a sigar tambaya da amsa, malami ya yi tambaya, ɗalibi ya kawo amsa da ka. Wanda ke koyar da shi a coci shi ake kira katikis. Koyar da masu shiga addinin ya daɗe tun farkon Kiristanci, amma katikizim a matsayin ƙaramin littafi bugagge ya bunƙasa ne a Turai daga ƙarni na 16 zuwa na 18. Da yake ba a haddace shi sai da harshen da mutum ke ji, ya tilasta wa 'yan mishan rubuta harsunan da suka tarar, shi ya sa a harsuna da dama na Afirka, Asiya da Amurka katikizim ne littafin farko da aka buga. Yunƙurin farko na kai irin wannan koyarwa ƙasar Hausa ya ƙare ne a Katsina a shekarar 1711, kuma sai a ƙarni na 19 aka fara rubuta ta da Hausa.

Asalin kalmar

Kalmar ta samo asali daga aikatau na harshen Girka, katēchein, mai ma'anar koyarwa da baki ko sa magana ta yi amo a kunnen mai sauraro. Daga Girkanci ta shiga Latin, daga nan ta shiga harsunan Turai, Hausa kuma ta aro ta daga Ingilishi tare da 'yar'uwarta katikis. Asalin kalmar ya nuna cewa tun farko aikin na baki ne da kunne, littafin daga baya ya zo.

Kafin ɗab'i

A ƙarnonin farko, babban mutum da ke son shiga Kiristanci yakan shafe lokaci mai tsawo yana ɗaukar darasi kafin a yi masa baftisma. Laccocin da Cyril na Urushalima ya gabatar wa irin waɗannan ɗalibai wajajen shekarar 350 suna nan har yau, haka ma littafin da Augustine, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yanzu, ya rubuta wajajen shekarar 400 kan yadda ake koyar da sabon shiga. Da baftismar jarirai ta zama ruwan dare a Turai, sai nauyin koyarwar ya koma kan iyaye da limaman coci. Abin da ake buƙata daga talaka bai wuce ya haddace Shaidar Bangaskiya ta Manzanni da Addu'ar Ubangiji da Dokoki Goma ba. Injin ɗab'i da Johannes Gutenberg ya ƙera a Jamus wajajen 1450 ne ya sa ƙananan littattafai suka yi araha har suka fara shiga gidajen talakawa.

Katikizim na Furotesta

A shekarar 1528 Martin Luther ya shiga cikin masu zagayen duba coci-cocin karkara a yankin Saxony na Jamus. Ya tarar da ƙauyawa, har da wasu limamai, ba su san abubuwan farko na addininsu ba. Wannan ya sa a 1529 ya fitar da littattafai biyu: Babban Katikizim domin limamai da malamai, da Ƙaramin Katikizim domin magidanci ya koyar da iyalinsa da barorinsa. Ƙaramin ya bi Dokoki Goma, Shaidar Bangaskiya, Addu'ar Ubangiji, baftisma da Jibin Ubangiji ɗaya bayan ɗaya, kowane yanki da gajeren bayani da Jamusanci mai sauƙi.

Sauran ɓangarorin Furotesta suka bi sahu. John Calvin ya fitar da katikizim na birnin Jeniba a 1542. Cocin Ingila ta sa nata a cikin littafin addu'arta na 1549, aka ƙara masa sashen baftisma da jibi a 1604. A 1563 aka buga Katikizim na Heidelberg bisa umarnin Frederick na Uku, mai mulkin yankin. Yana da tambayoyi 129, waɗanda aka kasa zuwa darussa 52 domin a gama shi cikin Lahadin shekara guda. Taron Westminster a Landan ya kammala nasa guda biyu a 1647, ƙaramin mai tambayoyi 107, babban mai 196.

Katikizim na Katolika

Cocin Katolika ta mayar da martani da irin makamin da aka yaƙe ta da shi. Peter Canisius, ɗan ƙungiyar Jesuit, ya buga babban katikizim a 1555, ya biyo shi da ƙarami a 1556 da matsakaici a 1558. Kafin rasuwarsa a 1597 an sake buga su fiye da sau 200. Majalisar Trent, wadda ta zauna daga 1545 zuwa 1563, ta wajabta koyar da yara a kowace coci ranakun Lahadi da na bukukuwa. Daga hukuncinta ne aka samar da Katikizim na Roma a 1566, zamanin Paparoma Pius na Biyar. Shi wannan ba tambaya da amsa ba ne, jagora ne ga limamai, mai sassa huɗu: bangaskiya, sakramenti, Dokoki Goma da addu'a. Na yara kuwa, wanda ya fi yaɗuwa shi ne na Robert Bellarmine na 1597, wanda aka fassara zuwa harsuna da yawa, har da Larabci da aka buga a Roma a 1613.

Tun 1536 wani limami mai suna Castellino da Castello ya buɗe makarantun koyar da addini a Milan, inda 'yan sa-kai ke koyar da yara ranar Lahadi. Daga baya babban bishop na birnin, Carlo Borromeo, ya baza su cikin dukan yankinsa.

Yadda ake koyarwa, da sukar da aka yi

Darasi yakan kasance ranar Lahadi da rana. Malami ya karanta, yara su maimaita tare, sannan a bi su ɗaya-ɗaya. A ƙasashe da dama sanin katikizim ya zama sharaɗin cin jibi, wani wurin har da aure. A Suwidin, dokar coci ta 1686 ta ɗora wa iyaye nauyin koya wa yara karatu, limami kuma ya riƙa bin gidaje yana jarraba mutane yana rubuta sakamakon kowa. Wannan na cikin dalilan da suka sa iya karatu ya yaɗu a ƙasar tun kafin a samu makarantun gwamnati.

Tsarin bai rasa masu suka ba. Rahotannin masu zagayen coci-coci a Jamus cike suke da koken cewa yara na rera amsoshi ba tare da sanin ma'anarsu ba, kuma da an juya tambaya sai su ruɗe. Masanin tarihi Gerald Strauss ya dogara da waɗannan rahotanni a littafinsa na 1978, inda ya ce koyarwar ba ta ratsa talakawa yadda aka so ba. Wasu masana sun ƙalubalance shi da cewa rahoton mai bincike yakan fi kawo laifi fiye da abin yabo. Ban da haka, sarakuna sun yi amfani da katikizim wajen tantance wanda ke tare da cocin hukuma da wanda ya bauɗe.

Katikizim da harsunan duniya

Da Turawan Fotugal da Sifaniya suka bazu a duniya, ƙaramin littafin ya bi su. An buga shi da harshen Tamil a Indiya a 1578. Littafin farko da aka buga a Kudancin Amurka, a birnin Lima a 1584, katikizim ne da Sifaniyanci da Quechua da Aymara. An buga wani a Manila a 1593 da Sifaniyanci da Tagalog, sannan Alexandre de Rhodes ya buga na harshen Biyetnam a Roma a 1651 da haruffan Latin. A 1622 fadar Paparoma ta kafa hukumar Propaganda Fide domin kula da aikin mishan, kuma ta mallaki maɗaba'arta mai haruffan harsuna iri-iri.

A Afirka

Sarkin Kwango, Nzinga a Nkuwu, ya karɓi baftisma a 1491, ɗansa Afonso na Ɗaya kuma ya kafa makarantu inda 'yan ƙasa ke koyar da addini. A 1624 Mateus Cardoso ya buga katikizim da Kikongo da harshen Fotugal a Lisbon, wanda shi ne littafi mafi daɗewa da ya rage a cikin harsunan Bantu. Na Kimbundu, harshen Angola, ya fito a 1642. A Kwango ba a ƙirƙiro sababbin kalmomi ba, an ɗauki na addinin gargajiya ne: Nzambi a Mpungu ya zama sunan Allah, nganga ya zama limami, nkisi kuma abu mai tsarki.

A Afirka ta Yamma, sarkin Allada, a Jamhuriyar Benin ta yau, ya aika jakada zuwa fadar Philip na Huɗu na Sifaniya. Da taimakon jakadan aka shirya katikizim da Sifaniyanci da harshen da Turawa suka kira Arda, aka buga shi a Madrid a 1658. Limaman Capuchin sun isa Allada da shi a 1660, amma aikinsu bai yi ƙarko ba. A gaɓar tekun Ghana ta yau, Jacobus Capitein, ɗan Afirka da ya yi karatu a Leiden ta ƙasar Holan, ya fassara Addu'ar Ubangiji da Shaidar Bangaskiya da Dokoki Goma zuwa Fante a 1744. Christian Protten ya buga nahawun Fante da Ga haɗe da sassan katikizim a Kopenhagen a 1764. A yankin Najeriya ta yau, masarautar Warri ce ta fi daɗewa da Katolika a wannan zamani, tun daga shekarun 1570.

Tafiyar Katsina ta 1710 zuwa 1711

Duk waɗannan a bakin teku suka faru. Ƙasar Hausa kuwa ta hamada ake shigo mata. A ƙarshen ƙarni na 17 labarai suka riƙa isa Roma daga Tarabulus cewa akwai Kiristoci a kudu da Borno, musamman a Kwararrafa. Hukumar Propaganda Fide ta ɗora wa limaman ƙungiyar Francis aikin nemo su. A 1710 Carlo Maria na Genoa, wanda aka naɗa shugaban mishan na Borno, ya tashi daga Tarabulus ta hanyar Fezzan, tare da abokin aikinsa Severino na Silesia. Sun isa Agadas, hanyar Borno ba ta yiwu ba, sai suka bi ayarin fatake zuwa Katsina. A can rashin lafiya ta kama su, dukansu biyu suka rasu a 1711. Wani fatake ne ya kai labarin Tarabulus. Tafiyar ba ta haifar da coci ko littafi da Hausa ba, kuma an shafe shekara 130 kafin wani ɗan mishan ya sake fuskantar harshen.

Ƙasar da suka shigo tana da nata tsarin koyar da addini. Bayan makarantar allo, ɗalibi kan karanta ƙananan littattafai irin su Ƙawa'idi, Ahalari da Ishmawi kafin ya kai Iziyya da Risala, a fannin tauhidi kuma akwai Ummul Barahin na Sanusi, malamin Tilimsan da ya rasu a 1490. Malami na karanta Larabci yana fassarawa da Hausa gaɓa-gaɓa. Ta wannan hanya Hausa ta tara kalmomin addini masu yawa tun kafin zuwan mishan, abin da ya yi tasiri sosai a kan duk wanda ya zo fassara koyarwar Kirista daga baya.

Koyarwar Kirista da Hausa

James Frederick Schön, Bajamushe mai aiki da ƙungiyar CMS ta cocin Anglika, ya shiga tafiyar binciken kogin Kwara ta 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther. Ya koyi Hausa daga 'yantattun bayi a Saliyo, ya buga jerin kalmomin Hausa a 1843. Aikinsa ya ƙara inganci bayan 1855, lokacin da Heinrich Barth ya isa Ingila da samari biyu, Dorugu, Bahaushe daga yankin Damagaram, da Abbega, ɗan ƙabilar Margi. Daga bakin Dorugu Schön ya rubuta Hausa mai yawa. Ya buga Bisharar Matiyu a 1857, nahawu a 1862, ƙamus a 1876, Sabon Alkawari a 1880, da Magana Hausa a 1885.

A 1900 Bishop Herbert Tugwell ya jagoranci tawagar mutum biyar zuwa Kano, cikinsu har da Dokta Walter Miller, wanda ya koyi Hausa a Tarabulus wurin Hausawa mazauna birnin da mahajjata. Sarkin Kano Alu bai ba su izinin zama ba, ya umarce su da su bar garin. Suka koma Girku a ƙasar Zazzau. A 1905 Miller ya samu zama a cikin birnin Zariya, inda ya buɗe makaranta da ɗakin magani. A 1913 wasu daga zuriyar Isawa, mabiyan Malam Ibrahim da aka kashe a Kano zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, suka nemi Miller, aka kafa musu mazauni a Gimi, wanda ciwon barci ya tarwatsa daga baya. A 1929 mishan ta koma Wusasa. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito a 1932, Miller na kan gaba cikin masu fassarar.

Bayan cin Sakkwato a 1903, Lugard ya yi alkawarin cewa gwamnati ba za ta tsoma baki a addinin Musulunci ba, don haka aka taƙaita aikin mishan a masarautu. A Kano coci-coci suka taru a Sabon Gari, wurin baƙi daga kudu. Sauran ƙungiyoyi suka karkata ga ƙabilun da ba Musulmi ba: SIM da ta fara zuwa a 1893, SUM da ta sauka Wase a 1904, da limaman Katolika na SMA da suka buɗe Shendam a 1907. Harsunan wannan yanki sun yi yawa, ba a iya fassara littafi da kowanne, sai aka ɗauki Hausa ta zama harshen coci. Makarantar horar da malamai da masu bishara ta Gindiri, da aka buɗe a 1934, da Hausa ta fara koyarwa. Sakamakon haka, mafi yawan waɗanda suka haddace katikizim da Hausa ba Hausawa ba ne: Angasawa ne, Birom, Bajju, Tangale, Bachama da sauransu, sai kuma Maguzawan ƙasar Kano da Katsina da Zazzau. A Nijar, SIM ta fara aiki a Damagaram a 1924, sannan Tsibiri kusa da Maraɗi.

A ƙauyuka, katikis ko mai bishara shi ne malamin ajin baftisma, shi ne kuma mai koyar da karatun boko, domin a coci-coci da dama ana son mai neman baftisma ya iya karanta Littafi Mai Tsarki da kansa.

Batun kalmomi da rubutu

Kalmomin koyarwar Kirista da Hausa sun kasu kashi uku. Na farko, waɗanda Hausa ta riga ta aro daga Larabci ta hanyar Musulunci: Allah, annabi, mala'ika, zunubi, tuba, gafara, addu'a, ruhu, Attaura, Zabura, bishara. Na biyu, sababbin aro: baftisma da ikilisiya masu asali daga Girkanci, coci, fasto, fada da katikis daga Ingilishi. Na uku, waɗanda aka ƙera daga Hausa: Mai Ceto, masu bi, Jibin Ubangiji, Dokoki Goma, Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari.

Kashi na farko ya sauƙaƙa fahimta, amma ya zo da matsalarsa, domin kalma ɗaya na iya ɗaukar ma'ana daban a masallaci da coci. Ruhu Mai Tsarki a wurin Kirista ɗaya ne daga cikin Allah Uku Cikin Ɗaya, alhali malaman tafsiri na fassara Ruhul Ƙudusi da Mala'ika Jibrilu. An kuma yi muhawara kan suna: wasu fassarori na farko sun yi amfani da Isa, wanda Hausawa suka sani, amma Yesu ne ya tabbata a coci. Fassarar 1932 ta ce Yesu Kristi, ta 1979 kuma ta ce Yesu Almasihu.

A fannin rubutu, an buga wasu sassan Littafi Mai Tsarki da ajami domin malamai da almajirai, amma boko ne ya rinjaya. Mutane biyu da suka fi tasiri wajen daidaita rubutun boko duk da CMS suka fara zuwa Arewa kafin su koma aikin gwamnati: Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar Nassarawa a Kano a 1909 ya kuma fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912, da G. P. Bargery, mai babban ƙamus na 1934. Dorugu ma ya koyar a makarantar Nassarawa, ya rasu a Kano a 1912.

A yau

Cocin Katolika ta fitar da sabon katikizim na duniya baki ɗaya a 1992, zamanin Paparoma John Paul na Biyu. Cocin Lutheran, mai ƙarfi a jihar Adamawa, na amfani da Ƙaramin Katikizim na Luther har yanzu, Anglika kuma da na cikin littafin addu'arta. ECWA, COCIN da HEKAN na gudanar da ajin baftisma da makarantar Lahadi da Hausa a sassa da dama na Arewa. Kano ta zama cikakkiyar dayosis ta Katolika a 1999, Maraɗi kuma a 2001.